Madubi da Katin Kamfani

Ranar da aka raba mana katin asibiti na kamfani, hadari ya haɗu tun hantsi amma ya ƙi zubarwa. Gari ya yi duhu, iska ta tsaya cak, fentin da aka fesa wa ƙofofi tun safe ya ƙi bushewa. Na riƙe ranar ne don ita kaɗai na taɓa ganin Madubi ya bar aiki a rabi.

Madubi shi ne mai feshi a masana'antar kujerun da na daɗe ina yi wa aiki. Ni nake goge katako har ya yi sumul, in miƙa masa, shi ya fesa fenti. Aikinsa ne ya ba shi sunan: in ya gama da tebur, kana iya gyara hularka a jikinsa. Dogo ne, ba shi da yawan magana. Ba ya sa takunkumi, wai da hanci yake gane ko haɗin fenti ya yi daidai. Abin da yake yi shi ne shan madara gwangwani guda kowace yamma, don masu feshi sun yarda madara tana wanke ƙirji.

Matarsa na da maƙoƙo. In ta yi doguwar magana sai ta tsaya ta ja numfashi, kana jin wani siririn fito a maƙogwaronta. Sunanta na cikin layin tiyata a asibitin gwamnati, inda ake duba kowa ba a tambayi inda yake aiki ba. Wata bakwai ke nan tana jira.

A ranar hadarin nan manaja ya tara mu a bakin sito, da kwalin katuna a hannunsa.

"Daga yau kun zama manyan mutane," in ji shi. "Kamfani ya yi muku inshora. Asibitin kuɗi, kai da iyalinka, ba layi, ba zaman benci."

Direbanmu, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Ranka ya daɗe, suna duba ciwon aljihu? Shi ya fi damuna."

Aka yi dariya. Madubi bai yi ba. Ya juya katinsa gaba da baya, ya ce, "Har tiyata?"

"Har tiyata."

Ya rataye bindigar feshinsa, ya wanke hannu, ya fita. Ba gida ya nufa ba, asibitin gwamnati ya je ya ce a cire sunan matarsa daga layi. Shi ya ba ni labarin da bakinsa. Mai rajistar, wata dattijuwa, ta ce masa, "Malam, bar sunan mana, ai ba abinci yake ci ba."

Ya ce, "A'a, Hajiya. Allah ya yanke mana wahala, ba zan tare wa wani mabuƙaci wuri ba. A ba na bayanmu."

Haka yake. Ko ƙusa ya tsinta a ƙasa, sai ya nemi mai ita.

Bayan kwana biyu ya kai ta asibitin kuɗin. Ɗaki mai sanyi, ba hayaniya. Ya ce da ya shafa kujerun zaman jira sai ya gane feshin hannunsa ne. Wata mai fara'a ta karɓi katin, ta duba na'ura, ta ce ciwon da ya riga katin zuwa ba a taɓa shi sai an cika wata goma sha biyu cur. Ta ƙara da cewa katin yana da rai ne muddin mai shi yana bakin aiki.

Na ce masa, "Ƙanena, koma ka sake rubuta sunanta. Ka riƙe biyun."

Ya ce, "Yaya, da wace fuska? Ni da bakina na ce a ba wani."

Ita ma matar ta goya masa baya. Da na je gaishe ta, tana ninke wanki, ta ce, "Baban yara ya yi daidai. Shekara ai kamar gobe ce." Sai da ta huta sau biyu kafin ta kai ƙarshen maganar.

A wata na biyar tari ya kama Madubi.

Akwai abin da tsofaffin ma'aikata suka iya a wurin nan. Injin da ke ba bindigar feshi iska yakan yi shiru, can kuma ya tashi da ƙara. Mai ciwo yakan danne tarinsa har injin ya tashi, sannan ya sake shi cikin ƙarar, don kada ofis ya ji. Ina gefensa, ina ganin jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya yi ja, yana jiran injin. Wani lokaci injin ya daɗe.

Da farko hankicin da yake tari a ciki launin fentin ranar yake ɗauka. In mun fesa kore, kore. Wata Talata fari muka fesa tun safe, na ga hankicin da ja. Ya ga na gani. Ya cusa shi aljihu.

"Wata huɗu suka rage," ya ce. "Ka rufa min asiri."

Bai je asibitin kuɗin ba, don duk abin da suka rubuta yana komawa ga masu inshora. Bai je na gwamnati ba, don wuni guda zai ci, kuma za a tambaye shi inda ya tafi. Madarar ya ƙara, ta koma gwangwani biyu. Ni kuma na yi shiru. Har na koyi buga katako da ƙarfi in injin ya makara.

A wata na goma sha ɗaya aka manna takarda a ƙofar sito: kafin a sabunta katuna, masu inshora za su aiko a gwada lafiyar kowa. Safiyar gwajin Madubi ya shanye gwangwani uku a tsaye.

Direba ya ce, "Madubi, maraƙi za ka koma? Sai mu nemo maka saniya."

Aka kira mu ɗaya bayan ɗaya. Wani bututu ne ake hurawa, allura ta motsa. Ina bayansa a layi, ƙofar a buɗe take.

"Baba, hura da ƙarfi," in ji nas ɗin.

"Na hura, 'yata."

"Sake dai."

Ya sake. A ɗakin babu injin da zai rufa masa asiri. Tarin ya zo, ya daɗe bai tsaya ba.

Sakamakon ya ce kada ya ƙara kusantar fenti. Manaja ya kira shi, ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba.

Madubi ya ce, "Ranka ya daɗe, sati uku ya rage. Ko shara ce a ba ni."

"Ba ni ba ne, Madubi. Daga sama ne." Ya miƙa hannu. Madubi ya ɗauka gaisawa za su yi. Katin yake nema.

Ni na raka su asibitin gwamnati. Dattijuwar nan tana nan a tagarta, kuma ta gane shi. Ba ta yi masa gori ba. Ta buɗe rajista, ta rubuta matar a can ƙasa, ta tura shi sashen ƙirji. Da za mu tafi, matar ta tambaye ta cikin raɗa, don muryarta ta kusa ɗaukewa, ko yaushe ne da layin ya iso kanta.

Dattijuwar ta duba rajista, ta ce, "Wadda ta hau gurbinki, wata biyu bayan tafiyarku aka yi mata."

Yanzu Madubi yana gida, ba ya aiki. Duk Litinin yana zuwa sashen ƙirji karɓar magani, ina raka shi in ciwon ƙafata ya bari. Matarsa ba ta iya kwanciya, a zaune take barci, jingine da bango. Wata shida ke nan da sake rubuta sunanta, ba a kira ta ba tukuna.