Jarkar da na ɓare wa takarda

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Mode, a gonarmu ta Fakku, ranar da muke yankan gero. Kunu ɗaya muka sha ni da shi. Shi aka kai shi makwanci. Ni aka kai ni asibiti a Tambuwal, na kwana shida, na dawo da muryar da har yau ba ta washe ba.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ɗiyarsa Ige ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara kome.

A gidanmu akwai doka, Mode ne ya kafa ta. Jarkar maganin feshi tana da ƙwari, murfinta ba ya yoyo, ba mai jefar da ita. In magani ya ƙare, a wanke ta da toka da yashi sau uku, ta sha rana kwana bakwai, sannan a ɓare takardar da ke jikinta. Ba mai iya karanta takardar a cikinmu. Amfaninta ɗaya ne: jarka mai takarda guba ce, marar takarda ta ruwa ce da kunu.

Da safiyar ranar na ɗauko wata da ta ƙare, da ɗan saura a gindinta. Takardar ta riga ta ɗago, sai na fara da ɓare ta. Na ɗebo toka ke nan aka yi kira wai shanu sun shiga dawa. Na ajiye jarkar bakin madafa, na ruga. Hajo, matar Mode, ta ga jarka ba takarda. Ta ɗauraye, ta zuba kunun tsamiya, ta kawo mana gona.

Mode ne babba, shi ya fara sha. Ya sha da yawa, ya goge baki ya ce, "Hajo ta cika tsamiya yau. Amshi, Umaru, kak ka ce na shanye." Kafin la'asar ya daina gane mutane.

Da na dawo daga asibiti na tarar gari ya gama shari'a. Ba wanda ya faɗa a fili, amma an daina cin abincin hannun Hajo. Kunun sadakar da ta dama ranar arba'in, a ƙwarya ya kwana. Ni na san kome, na yi shiru. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na fake da wannan. Tsoro ne kawai. Da ta fita takaba ta ɗauki Ige ta koma gidansu a Dogon Daji. Tana can har yau. In ana biki, ba a sa ta a bakin tukunya.

Da Mode zai tashi ya shiga kasuwar Tambuwal, da ya ga magani ya ninka na zamaninsa, kwalba kwalba, leda leda. Da ya ga har yanzu ana ɗaura irin jarkar nan a bayan babur ana ɗibar ruwa. Da kuma ya ga ɗiyarsa, wadda yanzu ke aiki a ɗakin shan magani, ba ta sayen ko madarar gwangwani sai ta juya ta duba ranar lalacewa. Zai yi mata dariya, don shi da hanci yake gane abu. Amma ita ce ta karanta mini irin takardar da na ɓare. Ta ce, "Baffa, ko sau goma anka wanke, ba a sha ciki. Sai dai a huda ta a binne." Ashe dokar ma da rami a cikinta tun farko. Mode mutum ne mai gardama, amma in an nuna masa gaskiya yana karɓa. Da ya karɓa.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na yarda. Amma shirun shekara goma sha ɗaya ba tsautsayi ba ne, nawa ne.

Me ya rage na Mode? Gonar tana nan. Dokarsa na kashe ta, duk jarkar da ta ƙare yanzu wuƙa nake soka mata. Ɗiyarsa tana nan, da karatun da ya ce sai ta yi. Da kuma matarsa, wadda bai taɓa bari a faɗa mata baƙar magana ba yana raye.

Sai yau Ige ta ji wannan labari, tana rubutawa. Da muka kai wurin toka ta ajiye biro. Sannan ta ce, "Inna ta sani?"

Na ce a'a.

Gobe zan hau mota zuwa Dogon Daji, Hajo ta ji daga bakina kafin labarin nan ya fito a jarida. In ta dama kunu ta miƙo mini, zan sha a gaban kowa. In ba ta miƙo ba, ta yi daidai.

Allah ya jiƙan Mode. Hannun Hajo tsarkakakke ne.