Kwanson Harsashi a Ƙarƙashin Kofin Shayi

Har gobe idan na tuna wata ranar damina ta 1998 a Guangzhou, sai in ji gumi a bayana. Lokacin ina yi wa Alhaji Sabo aiki, mai kai takalma Kano. Nawa shi ne in zaga kasuwa da samfur, in samo irinsa da araha, in haɗa kaya a kai filin jirgin sama na Baiyun. Ina ji da kaina ƙwarai, ina taƙamar babu abin da za a nuna mini in kasa samowa.

Wani abokin Alhaji, tsohon ɗan sanda, ya ga wani inji a mujallar Turawa. Ana jera masa kwanson harsashin ƙaramar bindiga, kana jan hannunsa yana juyawa, cikakken harsashi yana faɗowa. Na Amurka ya yi masa tsada, sai ya ce a dubo masa na Caina mai sauƙi. Alhaji ya miƙo mini hoton da kwanso guda a matsayin samfur, na watsa shi cikin ƙarafunan takalma ban ko yi tunani ba.

Ku sababbin zuwa ba ku san ƙa'idarmu ta lokacin ba. Samfur a tebur ake dire shi, kuma idan mai shago ya ce "mei you", wato babu, mu a wajenmu ciniki ne ya fara.

Na ja Isufu, wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke mana tafinta, muka shiga shagon wani dattijo a bayan kasuwar takalma ta Zhanxi, mai sayar da injin matse ƙarfen takalma. Ban gaya wa Isufu abin da nake nema ba, don kada ya riga ni cin kasuwa. Na shimfiɗa hoton, na dire kwanson. Dattijon ya ce mei you. Na yi murmushin gwanaye, na ce a gaya wa laoban, wato mai shagon, ko na hannu ne ina so.

Ana haka wani ɗan sandan unguwa ya leƙo gaisuwa. Dattijon ya kife kofin shayinsa a kan kwanson, ya jingina gwiwar hannu a kan hoton. Ni kuwa, uban wayo, na miƙa hannu zan ɗage kofin, don na zaci salon ƙin sayarwa ne. Isufu ya take mini ƙafa.

"Malam, zamna lafiya," ya ce ƙasa-ƙasa. "A ƙasar nan ko bindigar farauta an amshe. In ya ga wannan, da kai da kayan Alhaji babu mai ganin Kano bana."

Tsoro na ji na gaske, na tsaya ina washe baki har mutumin ya gama hirarsa ya fita.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ɗauki kwanson, ya sa a injinsa na takalma, ya ja hannu sau ɗaya, ya miƙo mini shi a baje kamar kwabo. Da na buga wa Alhaji waya na ce babu, sai ya ce in ƙara dubawa, ai ni ba na rasa abu. Ranar na fara ce masa a'a.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ba kowane samfur ake sa wa a aljihu ba, kuma wani "babu" ɗin ceton ka ake yi da shi. Bajajjen kwanson yana nan a jikin makullina. Duk cinikin da na yi a garin nan, wanda ya ƙi sayar mini shi ya fi yi mini alheri.