Lambar da ke Kan Carbin Alhaji Souley

Zeinabou Issoufou ta yi wata uku ba ta wuce kwanar layinsu ba. Suna zaune a hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Tremont ta birnin New York, benen da ba shi da lif. Tun ranar da aka hau da gadon asibiti aka kafa shi a falo kusa da taga, duniyarta ta dawo taku goma sha biyu, daga kicin zuwa bakin gadon.

Wanda ke kan gadon mijinta ne, Alhaji Souley, mutumin Maradi mai shekara sittin da uku. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kafa tebur a bakin titin Fordham, yana sayar da huluna da bel da gilashin ido, da safar hannu idan sanyi ya shigo. Ciwon daji ne ya kama masa hanta. A watan Maris likitoci suka ce sun yi iyakar yinsu, suka haɗa shi da wata ƙungiya ta unguwa mai kula da waɗanda aka daina yi wa maganin warkewa. Hosfis ake ce wa irin wannan aiki. Ba su ce za su warkar da shi ba. Alkawarinsu guda ne, sau biyu kuma tafinta ya maimaita shi: ba za a bar shi ya sha azabar ciwo ba.

Ita Zeinabou shekararta hamsin da huɗu. Ta iso New York a 2009 da 'yarsu Rahina a hannu. Ta yi kitso shekara uku a wani shago a Harlem har yatsunta suka soma ƙagewa, sai ta koma girki. Kowace Juma'a takan cika kuloli huɗu da tuwon shinkafa da miyar kuka da dambun zogale, ta tsaya a ƙofar masallaci. Direbobin tasi da 'yan tebur da sunan Hajiya Mai Dambu suka san ta, da yawansu ba su san sunanta na yanka ba. Yanzu kulolin suna jere a bayan ƙofa, an ɗora kwalin safar roba a kansu.

In za a faɗi gaskiya, mutanen hosfis ɗin sun yi ƙoƙari. Ranar da aka sa hannu a takarda, a ranar aka kawo gado da injin iska. Lambar da suka manna a jikin firij, ko yaushe aka kira akan ɗauka. Akwai kuma inda suka gaza. Da famfon katifa ya lalace, sai da aka kwana huɗu kafin a kawo wani. Sau biyu ana canza mai zuwa taimako da safe ba tare da an sanar da su ba, kafin aka tsaya a kan Akua. Nas ɗin kuwa, Efua, Talata da Juma'a take zuwa, minti arba'in take yi, don gida goma sha huɗu ne a wuyanta.

Duk ranar da Efua za ta zo, tun da hantsi Alhaji Souley yake sa a shirya shi. A ɗaga masa kan gado, a sa masa hula, a fesa masa turare. Efua 'yar Ghana ce amma ba ta jin Hausa, don haka takan ajiye waya a kan bargo ta kira tafinta. Takan auna jini, ta duba ƙafafu, sannan ta yi tambayar da ba ta taɓa tsallakewa ba: daga sifiri zuwa goma, nawa ne zafin ciwon yau?

"Biyu," in ji Alhaji Souley. "Alhamdulillahi, da sauƙi."

Sai Efua ta rubuta biyu. Sannan ta buɗe firij ta duba kwalbar mofin na ruwa, wanda likita ya ce a ɗiga masa a baki duk lokacin da ciwo ya tashi. Kwalbar tana nan tsakanin robar man shanu da ta yaji, cike fal. Ga biyu a baki, ga kwalba ba a taɓa ba. Magana ta zo ɗaya. Sai ta sa jakarta a kafaɗa ta gangara.

Inda Souley ya tashi, mara lafiya ba ya ce wa mai dubiya jiki ya yi tsanani. Ko numfashi yake ja da ƙyar, da sauƙi zai ce. Inda Zeinabou ta tashi kuma, mace ba ta ƙaryata mijinta a gaban baƙo. Shekara talatin da uku da aurensu, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Don haka takan tsaya a bakin ƙofar kicin ta ji ana rubuta biyu, hannunta a cikin mayafi.

Ita kaɗai ta san abin da ke biyo baya. Da an rufe ƙofa, sai ya cire hular, gumi ya keto masa. Yakan juya ya fuskanci bango, ya sa gefen matashi a baki. A yatsansa akwai ɗan carbin zamani, mai kamar zobe, wanda ake dannawa da babban yatsa lamba ta hau. In ciwon ya taso, ba a jin nishi, sai ƙarar dannawar nan, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ba tsayawa.

Sau ɗaya ta ɗauko kwalbar ta zo da ita bakin gado.

"Mai da shi, Abu," ya ce. Haka yake kiranta. "Kin manta yadda abokina Gariba ya tahi? Kwana ukku sun bugar da shi da magani, ya cika bai ce komi ba. Ni ban son hakanan. Ina son in cika da kalmar shahada a bakina, da hankalina."

"Alhaji, ai Allah ya san abin da ke zuciya."

"Ya sani. Mai da shi."

Ta mayar. Daga ranar ta shiga tsaka mai wuya. In ta yi shiru, tana kallo ciwo yana cin sa. In ta yi magana, ta kunyata shi a gaban baƙi, ta kuma jawo masa abin da ya fi jin tsoro.

Akua ce ta fara tono zancen. Takan zo ƙarfe tara ta tafi sha ɗaya, ta canza shimfiɗa, ta taya Zeinabou juya shi. Kirista ce 'yar Kumasi, amma kusa da zangon Hausawa ta girma, tana jin Hausarsu ta can wadda ba ta raba mace da namiji. Wata Laraba ta shigo kicin da rigar matashi a hannu, ta ɗaga ta sama. Gefenta duk huji.

"Hajia, ɓera ne ya ci wannan, ko mutum?"

Zeinabou ta ci gaba da wanke kofi.

"Hajia, da kai nake magana. Gidanka ko kyankyaso ban gani ba, balle ɓera mai haƙori talatin da biyu."

Dariya ta kuɓuce wa Zeinabou, sai kuma ta rikiɗe ta zama kuka. Akua ta tura ƙofar kicin da ƙafa. Ta ce sau biyu tana rubuta wa nas cewa ba ta yarda da biyun Baba ba. Nas ta karanta, ta sake tambayarsa, ya sake cewa biyu. "A aikin nan bakin mara lafiya shi ne doka. Sai dai in wanda ke tare da shi kullum ya kawo abin da ido zai gani."

"Mi zan kawo? In buɗe baki in ce yana ƙarya?"

"Ni ban ce ka ce komai ba."

Da yamma, bayan ya samu ya ɗan lafa, Zeinabou ta tsaya tana duban carbin da ke yatsansa. Ita ke mayar da lambar sifiri kowace safiya, don idonsa ya daina ganin ɗan maɓallin. Wuridinsa na kullum dubu ɗaya ne, haka yake tun yana zaman tebur. Ranar ta ga dubu shida da ɗari biyu. Ta ciro kalandar lokutan salla ta masallaci daga bango, ta juya bayanta, ta rubuta. Washegari ta rubuta dubu bakwai da ɗari huɗu. Kwana tara ta yi tana rubutawa.

Juma'ar da ta cika kwana taran, Akua ta yi musayar lokaci da wata abokiyar aikinta don su haɗu da nas. Aka yi tambayar, aka ce biyu. Da Efua ta shigo kicin duba kwalba, Zeinabou ta miƙa mata kalandar da hannu biyu, kanta a ƙasa. Ta yi bayani da Hausa, Akua ta juya wa Efua da Twi, yarensu na Ghana, dukansu ƙasa-ƙasa kamar masu ƙulla sata. Efua ta bi lambobin da yatsa. Ta tambayi nawa yake yi kafin ciwo, aka gaya mata. Aka nuna mata rigar matashin.

Efua ta ce ba za ta ba shi komai a ɓoye ba, dole ta yi magana da shi.

Ta koma falo. Wannan karon ba ta tsaya a kansa ba, ta jawo kujera ta zauna, ta kife kwamfutarta a cinya. Ba ta tambayi lamba ba. Ta sa Akua ta tambaye shi mene ne yake tsoro game da maganin.

Alhaji Souley bai dubi nas ba. Ya dubi kalandar da ke hannunta, ya dubi wurin da take rataye a bango, sannan ya dubi matarsa.

"Abu, ke kika kai ni ƙara?"

Sai Akua ta ce, "Baba, carbinka ne ya kai ka. Hajia rubutu kawai ya yi."

Bai yi dariya ba, amma ya yi magana. Ya ba da labarin Gariba tun daga farko. Efua ta saurara har ya gama. Ta ce za a fara da ɗigo kaɗan, kwana biyu ko uku zai riƙa jin barci, daga nan jiki yakan saba. Ya tambaya ko za ta ba shi tabbacin zai cika idonsa biyu. Ta ce ba za ta iya ba. Mutane da yawa barci ke ɗaukarsu a ƙarshe, da magani ko babu. Abin da ta sani shi ne, mai cizon matashi ma ba ya iya furta komai.

Ya juya ya fuskanci bango. Wayar Efua ta yi ta ruri a jaka, gida na gaba ana jiranta, ba ta tashi ba. Minti arba'in ɗinta ya zama saba'in.

Da ya juyo, da Zeinabou ya yi magana. Zai sha, amma da sharaɗi. In yana barci, kada ta gusa daga gefensa. Duk lokacin da ya buɗe ido, ta faɗa masa kalmar shahada ya maimaita, ko sau ɗari ne a wuni.

"Kin ɗauka?"

"Na ɗauka, Alhaji."

Yau sati biyu ke nan. Lambar da ke kan carbin ta sauko, jiya dubu ɗaya da ɗari ɗaya ce. Rigar matashi ba ta sake hujewa ba. Ranar Talata ya ce wa Efua huɗu, ta rubuta huɗu, ta ƙara masa ɗigo kaɗan.

A da Zeinabou takan sauka ta sayo burodi a shagon kwana. Yanzu ko matakala ba ta takawa. Hosfis ɗin suna da masu sa kai da za su iya zama da mara lafiya awa huɗu don mai jinya ta sha iska. Efua ta manna takardar a firij, ta ja layi a ƙarƙashin lambar. Zeinabou ba ta kira ba. Rahina takan zo ranar Lahadi daga Port Richmond, ta hau jirgin ruwa a St. George ta sake da na ƙasa, ta iso da leda biyu na cefane. Takan ce wa uwar da Turanci ta fita ko zagayen layi ne, ita za ta zauna. Zeinabou takan ba ta amsa da Hausa cewa ba da Rahina aka yi alkawari ba. Taku goma sha biyun nan ma ya ragu. Akua ta jawo mata ƙaramin tebur kusa da gado, a nan take yanka albasa, a nan take salla.

Juma'ar nan da azahar wayarta ta yi ƙara. Wani direban tasi ne, yana tambaya ko Hajiya Mai Dambu ta canza masallaci. Ta ce a'a, maigida ne ba lafiya. Ya ce yaya jikin nasa. Ta ce da sauƙi, ta kashe wayar da sauri, don ta ga fatar idon Alhaji Souley tana motsi.

Ta sunkuya kusa da kunnensa ta faɗi kalmar. Ya maimaita a hankali, bai bar ko harafi ba. Sannan ya lalubo gefen mayafinta ya riƙe.

"Kina nan, Abu?"

"Ina za ni?"

Ya rufe ido. Ta zauna a yadda take, mayafin a hannunsa, tana jin ƙaurin miyar da ta bari a kan wuta.