Baba Sannu Ya Ajiye Keke

Kafin jirgin farko ya tashi, Baba Sannu ya gama zagaya kekunansa. Kekunan marasa lafiya ne guda shida, jere a bayan teburin duba tikiti. Ya taɓa birkin wannan, ya murza tayar wancan, wanda ya ji yana ƙara ya ɗiga masa mai. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana tura tsofaffi da marasa lafiya da naƙasassu daga ƙofar filin jirgi har kujerarsu. Abokan aiki ne suka laƙa masa sunan, don ba ya taku goma bai ce wa fasinja sannu ba.

Wasu ma'aikatan in sun ga mutum a keke, ɗan rakiya suke tambaya, kamar mai keken ba ya wurin. Shi kuwa durƙusawa yake har idonsu ya haɗu: "Yallaɓai, ta ina zan kama? Ina ke ciwo?" Wata mai shara ta ba ni labarin makahon da aka manta a zaune ana shirin rufe ƙofar jirgi. Baba Sannu ya je ya tsaya a bakin ƙofar, ya ce sai an ɗauko shi.

Nawa kuwa da idona na gani, ranar da na raka mahaifiyata asibiti. Ɓarin jikinta ya shanye, likita na jiran ta washegari a wani gari, sai da jirgi. Motar da ke ɗaga keke zuwa jirgi ta lalace, sai matakala. Jami'in ƙofa ko kallonmu bai yi ba.

"Malama, ba za mu tsare mutum ɗari saboda mutum ɗaya ba. Ku dawo jibi."

Inna ta jawo hannuna, da kyar maganar ta fito: "Mu koma gida. Na zama kaya."

Sai Baba Sannu ya matso. "Ranka ya daɗe, ba ni minti bakwai."

"In jirgi ya makara, sunanka zan rubuta."

"Rubuta, ɗana. Ai ka iya rubuta shi."

Ya kira ma'aikatan jirgi mata biyu suka mayar da Inna kan siririyar kujera, aka rufe mata ƙafa, aka ɗaure ta da bel. Shi da wani ɗan dako suka ɗaga. Yana hawa da baya, gumi na zuba, yana cewa, "Hajiya, wallahi jakar hannun matata ta fi ki nauyi." Inna ta yi dariya. Wata uku rabon da in ji dariyarta.

Jirgi ya makara, an kuma ba shi takardar gargaɗi. A bakin wani na ji, shi bai taɓa faɗa ba.

Baba, kai ne ƙafar wanda ƙafa ta gaza. Kai ne ka kai Inna ga likita a kan lokaci, ga ta yau tana zagaya tsakar gida da sanda. Makon nan ka yi ritaya, shekarunka sun ce ya isa. Mun gode. Allah ya saka, ya ba ka mai riƙe ka ranar da za ka buƙata.

Ku kuma da ke tsaye a ƙofar jirgi, wadda kuka ga tana jan ƙafa a ƙarshen layi uwar wani ce. Ku jira ta.