Hoton Kaza da Idona na Dama

Sana'ata hoton fasfo. Na daɗe da 'yar rumfata a bakin bodar Jibiya, gefen da direbobin Maraɗi ke ajiye manyan motoci su jira kwastan. Farin ƙyalle, benci guda, kyamara. Mutum ya zauna, in ce ya ɗaga haɓa, in danna, ya tashi. Da wannan nake ciyar da gidana. Amma abin da raina ke so shi ne hoton taurari, kuma a garinmu wannan da taɓin hankali duk ɗaya ne. A teburin mai shayi har suna aka sa mini, wai mai yi wa sama fasfo. Ni kuma bakina ba shi da linzami, ba a taɓa ni in ƙyale. Da na gaji da musayar baƙar magana sai na daina gaya wa kowa inda nake zuwa da daddare. Shirun nan ne ya kusa kashe ni.

A bazarar shekarar, tauraruwa Zara ta matso dab da Kaza da 'ya'yanta, tarin taurarin nan da manomanmu ke dubawa. In Kaza ta fara faɗuwa yamma da wuri, sun san lokacin sharar gona ya yi. Kwana biyu zuwa uku kawai Zara da Kaza za su yi tare. Fitilun boda suna ɓata hoto, don haka da aka idar da magariba na hau babur na shiga wata gona a bayan Magama. Na kafa ƙafa uku, ƙarfen da ake ɗora kyamara a kai, na ɗaura dogon gilashin kyamara mai tsawon kamu biyu, na juya shi yamma. Tocilata na ɗaure mata jar leda a baki, saboda farin haske yana kashe wa mutum ganin duhu.

To, yamma nan ne daji. A makon nan 'yan bindiga suka shiga wani ƙauye ta wajen Mazanya, suka kashe mutane, suka kora shanu, kuma maganar da ke bakin kowa ita ce akwai infoma da ke nuna musu hanya da tocila. Na san duk wannan. Har jana'izar na je. Amma wallahi bai zo mini a rai ba in tambayi kaina yadda zan kasance a idon wanda ya hango ni: mutum shi kaɗai a gona, da dogon ƙarfe yana fuskantar daji, jar wuta tana kunnuwa tana mutuwa.

Na rufe idon hagu, na manna na dama a kyamara. Ban ji tafiyarsu ba. Gora ce ta sauka a ƙeyata, ta cusa idona cikin ƙarfen. Wani abu mai ɗumi ya gangaro mini har baki. Kafin in kai ƙasa sun rufe ni, 'yan sa-kai ne, sun kai takwas. Gora a haƙarƙari, takalmi a ciki, gindin bindiga a baki. Na tofar da haƙori ina ji.

"Wa kake kira? Nawa suka ba ka?"

Mai tambayar na gane muryarsa. Mai faci ne a bakin tasha, kuma yayansa na cikin waɗanda muka binne a makon. Mai hankali zai yi ta rantsuwa ne yana ba da haƙuri. Ni kuwa sai na ce, "Uban wa nake kira? Taurari nake ɗauka, jakuna kawai!"

Kai, na sha duka! Suka ɗaure mini hannuwa ta baya da robar babur ɗina, suka ja ni a kan kututturen dawa har rigata ta rabu biyu. Sai na ji wani yana kwance murfin tankin babur ɗin. Aka jiƙa tsumma, aka matse mini a ka da ƙirji. Warin fetur ya cika mini hanci. Na san abin da aka yi wa wani da aka kira infoma a wata kasuwa, don na ga baƙin tabon da ya bari a ƙasa. Nan bakina ya mutu, na fara kalmar shahada. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ban iya riƙe fitsari ba.

Wani tsoho ɗan dako, mutumin Maraɗi da ke zaune a Magama, ya biyo hayaniyar da sandarsa. Na taɓa yi masa fasfo. Ya haska fuskata ya ce, "Ku dakata, ɗiyana. Wanga mai hoton boda ne. Mahaukaci ne, kowa ya sani, amma ban san shi da cin amana ba. Abin da ya ɗauka yana cikin akwatin nan. Ku duba. In babu taurari, ni zan ƙyasta ashanar."

Mai facin ya ɗauko kyamarar daga ƙasa. Ina kwance, hannu a ɗaure, na faɗa masa inda zai danna. Gilashin bayanta ya tsage amma ya kawo haske. Ga Zara fara tas, ga Kaza a gefenta. Da ido mutum shida ko bakwai yake ƙirgawa, a hoton kuwa sun cika wurin kamar an watsa gero. Ya danna baya: farin wata, farin wata, taurari, sai fasfon wani direba. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sake duban hannunsa.

"Ashe ɗiyanta sun kai haka?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Suka kwance ni, ba wanda ya ce sannu. Tsohon ne ya nemo mai babur ya kai ni gida.

A asibiti a Katsina likita ya ce idon ya fashe, sai dai a cire. Da shi na yi aiki tun ina saurayi. Wata uku ina koyon sa na hagu a kyamara, ina yanke wa mutane rabin kunne a hoto. Hoton daren kuwa ya fito, ban taɓa ɗaukar wanda ya kai shi ba. Na wanke shi babba na rataye a rumfa, kuma har yau in na dube shi raina ɓaci yake yi.

Bayan an yi girbi, wata safiya, sai ga mai facin a bakin rumfata, kansa a ƙasa. Za a yi wa 'yan sa-kai katin shaida, ana son fasfo.

"Baba, ina kwana. Hoto nake so."

Na dubi ƙafa ukun nan, na ji nauyinta ya isa ya fasa kan mutum. Sai na tuna da ƙafafun yayansa da na gani sun leƙo daga makara. Na nuna masa benci.

Ya zauna. Hoton Kaza yana rataye daidai bayana, ba inda zai duba bai gan shi ba, ko ya ga ramin da ke fuskata.

"Ɗaga haɓa," na ce.

Ya ɗaga, amma ya runtse ido.

"Buɗe ido. Duka biyun. Kai ai kana da su."

Ya buɗe, sun cika da ruwa. Na manna na hagu, na danna.