Injin da Ya Fi Cin Lokaci

Wani dattijo yana tsaye a shago tsakanin injinan walda biyu, tabarau ɗaure da zare, hannunsa sumul irin na wanda ya tsufa a ofis. Yana shafa mai tukunyar gas, yana satar kallon ɗayan injin, mai aiki da sandar walda.

"Baba, ɗauki mai gas," in ji mai shago. "Kafin ka ce kwabo ka gama. Mai sanda kuwa, sai ka wuni kana ɓamɓare ɓawon walda da guduma."

"Wuni guda?"

"Wallahi."

Fuskar dattijon ta washe. Da alama 'ya'ya sun watse, gida ya yi tsit, babu mai kiransa cin abinci.

"Ɗauko mini mai sandar, ɗana. In na gama da wuri, me zan yi?"