Burodi a Kan Ruwa

Agafia, mai sayar da bandar kifi a tashar jirgin ruwa, ba ta san dattijon nan ba. Ga shi tsugune a bakin kogin Danube, takalmin roba har cinya, gemu fari fat, hannuwa duk kanta da yankan koma. Ya kafa kyandir a tsakiyar burodi, yana ta fama da ashana iska na kashewa.

Kowa a nan ya san wannan aikin. Inda burodin ya tsaya a kan ruwa, nan wanda ya nitse yake kwance.

"Baba, yau kwana nawa?" in ji Agafia.

"Tara." Ko ɗagowa bai yi ba.

"Haba, ai ruwa ya kai shi teku tuni."

"Mutanen ƙauyen sama ma haka suka ce."

Ɗansa ne? Ƙanensa? Ta kasa tambaya. Da kyandir ya kama, dattijon ya saki burodin a kan ruwa. Burodin ya ɗan juya, ya bi ruwa abinsa, dattijon kuma yana kwance igiyar kwalekwalensa. Sai yanzu ta hango buhun da ke ciki. Saura burodi huɗu, daidai da yawan ƙauyukan da suka rage kafin teku.